An turo su karatu ne ko wasa? Muhawara a zauren malamai da iyaye na Bauchi

Maman Hafsa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, ina so malamai da iyaye ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Aji uku nake koyarwa a wata firamaren gwamnati cikin garin Bauchi, yara 87 a rajistata. Da muka fara zangon nan, fiye da rabinsu ba sa iya haɗa baƙi da wasali. Sai na riƙa tara marafen robar lemo, ina rubuta gaɓoɓi a kansu: ba, ka, za, gi, da, ma, ta. Nakan fitar da yaran ƙarƙashin darbejiya, in raba su rukuni-rukuni, in zuba wa kowane rukuni marafe. Waɗanda suka riga haɗa kalmomi biyar su ne suka ci. Ranar Juma'a kuma ina kunna musu sautin haruffa a wayata da 'yar sifika, su ji su maimaita.

Jiya muna cikin yi, wata yarinya da tun farkon zango ban taɓa jin muryarta a aji ba ta ɗauki "ka" ta ajiye kusa da "za", ta tsaya tana kallonsu, bakinta na motsi, can sai ta daka tsalle ta ce "Kaza! Malama kaza ce!" Wallahi sai da hawaye ya zo mini. A daidai lokacin wani uba ya shigo kawo wa ɗansa kuɗin tara. Ya ga yara zaune a ƙasa ana ihu, sai ya ce da ni a gabansu, "Malama, mun turo su karatu ne ko wasa?" Ya wuce ofis. Shugaban makaranta ya aiko a ce in mai da su aji. To jama'a, na yi kuskure ne?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Malama Allah ya saka da alheri, amma ki yi haƙuri, ni na fahimci mutumin nan. Ni ɗan kasuwa ne a Wunti. Duk yaron da na tura makaranta, hannu ne na rasa a shago. Da daddare abin da nake dubawa littafinsa ne. In na buɗe na ga shafi fari, na tambaye shi me kuka yi yau ya ce wasan marfi, me kike so in ɗauka? Laifinsa ɗaya, da bai faɗa miki a gaban yara ba.

Maganar waya kuwa, kada ma a kawo ta kusa da ni. Babban ɗana shekararsa 14, na saya masa waya saboda an ce akwai darussa a ciki. Ƙarfe biyun dare na kama shi cikin bargo yana harbe-harbe a Free Fire, da safe a kasa tashinsa sallar asuba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Ummu Khalil:
Malama ba ki yi kuskure ba ko kaɗan. Yarinyar nan da ta ce kaza, har ta tsufa ba za ta manta ranar ba.

Baba Hedimasta (Misau):
'Yata Maman Hafsa, kwantar da hankalinki. Na yi shekara 35 ina wannan aiki kafin in ajiye alli. Abin da kika yi ba sabo ba ne. A kwalejin horon malamai, zamanin da ake ba da Grade II, ba za ka ci jarrabawar gwajin koyarwa ba sai ka shigo aji da kayan aikin da ka haɗa da hannunka. Da tsinke da tsakuwa da ƙwallon dabino muka koyar da ƙidaya, ana ɗaure tsinke goma-goma a nuna wa yaro yadda goma take zama ɗaya a gidan gomomi. Jadawalin sau da waƙa muka haddace shi. Kuma duk wanda ya koyar a ƙananan azuzuwa a jihar nan lokacin NEI Plus, shirin inganta karatun yara da aka yi a Bauchi da Sakkwato, ya san littattafan Mu Karanta. Ai da waƙa da tafa gaɓoɓi ake buɗe darasi. Hukuma ce da kanta ta horar da malamai a kan haka.

Amma Baban Sadiq ya taɓo wani abu, kada ki bar shi ya wuce. Uba ba ya cikin aji, littafi ne shaidarsa. Ki ware minti goma na ƙarshe, kowane yaro ya rubuta kalmomin da rukuninsa ya haɗa a littafinsa, ki sa jan biro ki yi maki, ki rubuta kwanan wata. Uban da ya ga "kaza, gida, mata, baka" da rubutun ɗansa ba zai sake zuwa ofis ba. Kuma rubutun ne zai kafa abin a kan yaron, don hannu yana tuna abin da ido ya manta.

Maman Hafsa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ban cika sa su rubutawa ba, lokaci ke ƙure mana wajen tattara marafen. Zan gyara.

Abu Ammar (Azare):
Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Baban Sadiq, ina girmama ka, amma maganar kada a kawo na'ura kusa da yaro lokacinta ya wuce, ko muna so ko ba ma so. Ina koyar da kwamfuta, kuma duk shekara ni ke karɓar yaran da ke shirin JAMB. Tun 2015 JAMB ta daina takarda gaba ɗaya, kowa a kwamfuta yake rubutawa. WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu rubutawa daga waje a 2024, kuma inda aka dosa ke nan ga sauran.

Bari in gaya muku abin da na gani da idona. Wata yarinya daga ƙauye, haziƙa, in ka yi mata tambayar Kimiyya da baki kafin ka rufe baki ta amsa. Na zaunar da ita gaban kwamfuta, na ce ta matsa linzamin kwamfuta, wato mouse, ta zaɓi amsa. Sai ta ɗaga shi sama, ta nufi gilashin da shi kamar rimot ɗin talabijin. Hannunta na rawa. Da ta taɓa wani maɓalli shafin ya sauya, sai ta janye hannu ta ce, "Malam na ɓata muku." Saura kwana tara jarrabawarta. Na nuna mata cewa ko linzamin ba dole ba ne, JAMB ta tsara maɓallai takwas sun isa: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, sai S da R wajen miƙawa ko fasa miƙawa. Cikin awa ɗaya ta gane. To ku duba, abin awa ɗaya ne, amma ta yi shekara 12 a makaranta ba wanda ya ba ta wannan awar. Irinta nawa ne suka shiga ɗakin jarrabawa ba su samu kowa ba? Yaro ya san amsa, tsoron na'ura ya cinye masa minti ashirin na farko. Wannan zalunci ne, kuma mu manya muka yi shi.

Malamin Lissafi (Darazo):
Malam Abu Ammar, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ku mutanen gari kuna magana kamar akwai wuta. Ƙaramar sakandaren da nake koyarwa ko turken wuta babu a garin. Aji biyu iska ta yaye rufinsu tun daminar bara. Wayata sai na aika ta wurin mai caji ranar kasuwa. Data kuma kun sani, tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a farkon 2025, abin da nake saya na wata yanzu ba ya kai ni. Albashin malami nawa ne?

Kuma ba wai ba a taɓa kawo mana kwamfuta ba. An taɓa kawowa. An yi taro, an ɗauki hoto, aka shigar da su sito aka kulle. Wanda makullin ke hannunsa tsoro yake kada ɗaya ta lalace a ce ya biya. Da aka buɗe bayan shekaru, ɓera ya cinye wayoyin, ƙura ta shige ko'ina. Ba yaro ɗaya da ya taɓa su. Shi ya sa in na ji ana maganar fasahar zamani a aji, raina ke ɓaci. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Malama tana da 87. A fara daga nan.

Auta:
Salam iyayena da yayyena, ni ɗaliba ce a sashen ilimi, ku ba ni dama in sa baki. Abin da Malam na Darazo ya faɗa ya faru a wurare da dama. Akwai shirin kowane yaro da laftof ɗinsa, wanda Nicholas Negroponte ya kafa a Amurka, aka gwada shi a wata firamare a Galadima ta Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba wa yaran karkara. Da aka zo aka auna, yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da karatu bai ƙaru ba. A nan gida jihar Osun ta raba wa ɗalibai kwamfutar hannu mai suna Opon Imo a 2013 lokacin Gwamna Aregbesola. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ta gina makarantun zamani na gwaji, ɗaya a kowace jiha da Abuja, amma makaranta ɗaya yara nawa za ta ɗauka a jiha mai ƙananan hukumomi 20? Har Suwidin, da suka cika azuzuwa da na'urori, a 2023 suka fara komawa ga littafin takarda da rubutun hannu ga ƙananan yara. A shekarar ce kuma rahoton UNESCO ya ja kunne a kan waya a cikin aji.

Abin da na fahimta, duk inda aka kawo akwati aka manta da malami, kuɗin ya tafi a banza. Ni a ganina marafen Malama sun fi kwamfutocin da ke kulle a sito amfani nesa ba kusa ba, don ita ta san abin da take so yaro ya iya kafin ta zuba su a ƙasa.

Abu Ammar:
Ƙanwata kin yi karatu, Allah ya ƙara basira. Amma a yi hattara da misalin Suwidin. Wanda ya ƙoshi ne ke cewa a rage masa tuwo. Yaronsu tun yana rarrafe yake taɓa na'ura, ko an cire ta daga aji yana da ita a gida. Namu fa? In makaranta ba ta nuna masa ba, ina zai gani? Ɗan mai hali a Fadaman Mada yana da laftof a ɗakinsa. Ɗan manomi a Warji ko Zaki ranar jarrabawa zai fara ganinta, kuma gurbi ɗaya suke nema a jami'ar ATBU.

Auta:
Haka ne Yaya, ban ce a hana ba. Cewa na yi koyon kwamfuta daban, koyo da kwamfuta daban. Na farko wajibi ne, kowane yaro ya iya kafin ya gama sakandare. Na biyun ne ake yi wa talla fiye da ƙima.

Ummu Khalil:
Ni na ga amfaninsa a gidana. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu, rediyo ce ta riƙe mini yara, suna zaune da littafi suna bin darasi. Daga baya wata maƙwabciyata ta sa mini Nigeria Learning Passport a waya, wanda ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ne kuma akwai darussa da Hausa. 'Yata ta aji biyar a nan ta gane rabe-raben lamba, don tana iya mai da bidiyon baya sau biyar ba wanda zai daka mata tsawa. Matsalar, wayar ɗaya ce, ni ma da ita nake sana'ata ta turaren wuta. Kuma na lura da wani abu da ya dame ni: da na ajiye wayar, yayanta namiji ke ɗauka, ita a tura ta wanke-wanke. Sai da na sa doka, bayan la'asar nata ne. A gidaje nawa ake sa wannan dokar?

Baban Sadiq, bambancin kawai ni ina zaune kusa da ita. Ba ta shiga ɗaki da waya.

Baban Sadiq:
Hajiya ke kina gida, ni ina kasuwa har magariba, uwarsu kuma ba ta yi boko ba, ba ta san darasi yake kallo ko shirme ba. Amma bari in faɗi abin da ya fi ci mini rai, malamai ku amsa mini. Waɗannan wasannin na waya da ake cewa na karatu ne, na duba ɗaya. Ka amsa daidai a ba ka tauraro, a buga maka kiɗa, a ce saura kaɗan ka kai mataki na gaba. Wallahi irin yadda manhajar caca take jan samari ke nan. Ku je bakin shagunan caca na ƙwallo ku ga yaranmu. Ina tsoron a saba wa yaro da cewa ba zai yi komai ba sai an ba shi tauraro. Ranar da aka miƙa masa littafi mai shafi 200 ba kiɗa ba tauraro, zai iya zama?

Abu Ammar:
Wannan tambayar ta yi nauyi Alhaji, kuma ba zan musa ba. Masu ƙera su da gangan suke yi don yaro ya kasa ajiyewa. Na gwada Kahoot, wata manhajar gasar tambayoyi, da ɗalibaina, aji ya ɗauki zafi ƙwarai, amma na lura wasu sun daina karanta tambaya, sauri kawai suke su danna don sunansu ya hau sama. Sai na rage shi zuwa ƙarshen mako, na bita kawai. Ba a fara sabon darasi da shi.

Alaramma (Ningi):
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Mu a tsangaya abin ya iso mu. Yanzu almajiri na da 'yar rediyo mai katin memori, yana sauraron Husari ko Minshawi yana bi. Na ga amfaninsa, makharijin yara sun gyaru fiye da namu a shekarunsu. Amma na'ura tana karanta maka ne, ba ta jin ka. In yaro ya ja inda ba a ja, ko ya mai da ƙaf kaf, ba za ta tsayar da shi ba. Sai ya zo ya durƙusa gabana ya biya allonsa in ji da kunnena. Kuma ban yarda ta maye gurbin rubutun allo ba, don wanda ya rubuta da tawada ya wanke ya sake rubutawa, haddarsa daban ce.

Game da Malama, ina ganin kalmar wasa ce ta kawo rigimar. A wurin Bahaushe wasa kishiyar gaske ne. In aka ce maka kana wasa da karatu, zagi ne. Amma iyayenmu mata da kacici-kacici da tatsuniya suka buɗe mana kai, 'yan mata da carafke suka koyi ƙirga, dattawa kuma ga su nan a gindin bishiya suna dara, wanda ba ya lissafin taku uku gaba ba ya ci. Ko musabaƙa ai gasa ce, kuma ta sa yara da yawa sun dage. Ki kira abinki gasar haɗa kalma, ki gayyaci uban ya zauna ya gani.

Malamin Lissafi:
Allah ya gafarta Malam, dara da ka ambata ta tuna mini. Rami 30 ne, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Na taɓa haƙa ta a bayan aji don in nuna musu sau da faɗin fili, yaran da ba sa kallon allo duk suka kewaye ni. Amma ina da ƙorafi ɗaya a kan gasa, Malama ki amsa mini. Masu kaifin kai ne ke ci kullum. Rarraunan yaro sai ya laɓe a bayan rukuni, a ci da shi, a yi tafi da shi, bai taɓa marfi ko ɗaya ba.

Maman Hafsa:
Ya faru da ni a makon farko Malam. Yara uku ne ke yin komai a kowane rukuni. Sai na zauna na gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke ni kwana huɗu. Na ware waɗanda ba su san harafi ba, da masu haɗa gaɓa, da masu karanta kalma. Yanzu kowa da sa'anninsa yake karawa. Na ji ana kiran irin wannan tsari TaRL, daga Indiya ya samo asali, ni dai larura ce ta koya mini. Yarinyar kaza tana rukunin tsakiya. Da na bar ta cikin gwanaye da har yau ba ta buɗe baki ba. Masu karanta kalma kuma su nake ba wa wayata su saurari gajeren labari, su zo su ba ni da bakinsu, ni kuma ina can wajen na ƙasa. Wayar tana riƙe mini mutum goma sha biyu na minti goma sha biyar, iyakar aikinta ke nan.

Baba Hedimasta:
Madalla. Ki je ki sami shugabanku ke kaɗai, cikin ladabi, da takardar gwajin nan a hannu. Shi ma tsoron iyaye da masu zagayen duba makarantu yake, ba ƙin ki yake ba. Ki roƙe shi ya ba ki minti biyar a taron PTA mai zuwa.

Baban Sadiq:
To Malama, in an sa ranar ki sanar a nan, ko ba makarantar 'ya'yana ba ce zan zo in gani da idona. Waya dai har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba, ta Sadiq tana cikin durowata kuma nan za ta zauna sai ya gama aji uku. Amma zan kai shi wurin koyon kwamfuta ranar Asabar, inda akwai malami a kansa. Marafe kuwa ina sayar da lemo, kullum sai mun share su mun zubar. Zan sa yara su tara miki.

Malamin Lissafi:
Malam Abu Ammar, wata alfarma. Kibod ɗin da suka mutu a wurinku, yaya kuke yi da su? In zan samu ko biyar, ba sai suna aiki ba. In zana fuskar jarrabawar a allo da alli, yara su riƙa danna A, B, C, D, N, P da yatsunsu, hannunsu ya saba tun yanzu.

Abu Ammar:
Akwai guda bakwai a kwali, da linzami uku. Zan ba direban Misau ranar Laraba, a miƙa wa motar da ke bi ta Kari. Turo mini lambarka ta gefe. In an yi hutu kuma ka kawo mini 'yan aji ukunka ko goma ne, su yi yini guda a kan mai aiki, ba sai sun biya ba.

Maman Hafsa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Gobe zan ga shugaban kafin a shiga aji. Alhaji, na roba za a tara don Allah, masu faɗin nan. Na ƙarfe suna yanke yatsun yara, kuma tawadar alƙalami ba ta zama a kansu.